Mitar Batir ta Malam Uwais Mai Agogo

Malam Uwais mai gyaran agogo ya daɗe a rumfa ɗaya, a bakin titin da ya taso daga Agoro ya shiga cikin Tudun Wadar Zariya. Rumfar ba ta da girma. Tebur ne mai gilashi, da kujera, da bencin baƙi, sai bango cike da agogo, kowanne yana tafiya. Ƙofar gidana tana kallon ta gidansa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Mahaifinsa malami ne, irin waɗanda ba sa wasa da lokacin salla. Shi ya riƙa aiken Uwais Sabon Gari da agogonsa na aljihu duk sanda ya ga ya yi latti, har zaman wajen mai gyara ya fi masa zaman gida daɗi. Tsohon bai hana shi ba. Haka Uwais ya zama mai agogo a gidan da kowa malami ne, ko alƙali, ko ma'aikacin ofis.

Yana da wata al'ada a aikinsa. In ya gyara agogo ba ya miƙa wa mai shi nan take. Sai ya rataye shi a bango, ya bar shi yana tafiya kwana da kwanaki, yana dubawa safe da yamma. Masu gaggawa sun sha yin fushi. Amsarsa ba ta canjawa: abin awo ba a tsayar da shi, in an tsayar da shi an daina sanin halinsa. Da wayar hannu ta zo aiki ya ragu, ya koma yawanci canjin batir da agogon masallatai. A 'yan shekarun nan ma ya daina karɓar ƙananan agogon mata. Ya ce na yanzu duk roba ne, ba su cancanci a buɗe su ba. Wataƙila haka ne.

Bayan agogo sai babur. Ya saye shi a hannun wani baƙo da ya koyar a Samaru zai koma ƙasarsu. Baƙi ne, ƙato, irin na doguwar tafiya, da gilashin tare iska a gaba da akwati biyu a gefe. Ranar da ya shigo da shi unguwa aka sa masa suna Ɓauna, sunan kuma ya zauna, har shi kansa Malam Uwais "ita" yake cewa. Ɓauna ba ta da kik ɗin da ake takawa a tayar. Maɓalli ake dannawa, batir ya juya injin. In batir ya mutu sai turi, kuma ba turin mutum ɗaya ba ne.

Ba ya yawon gari da ita. Rumfa a ƙafa yake zuwa. Amma ta kai shi Sakkwato, ta kai shi Yola, ta kai shi Maiduguri lokacin da hanya take hanya. Sannu a hankali tafiye-tafiyen suka ragu, har saura ɗaya: Jos, washegarin ƙaramar salla, wajen Kefas.

Kefas ɗan Wusasa ne, malamin makaranta. Agogon makarantarsu ya kawo gyara tun suna samari, suka yi rigima a kan jinkirin miƙawa, daga nan suka shaƙu. Da Kefas ya auri Rut, Malam Uwais ya ba su agogon bango mai lilo. Aiki ya kai Kefas Jos, ya yi ritaya a can, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye, ya daina zuwa Zariya. Malam Uwais kuwa duk shekara sai ya ɗaure kaya ya ce zai je ya sa wa agogon nan mai. Ni ban san agogo ba. Na dai ga irinsa a gidan surukina, ba wanda ya taɓa sa masa mai, kuma yana tafiya.

Bara ne aka sami matsala. A hanyar dawowa, bayan ya wuce Pambeguwa, ya tsaya a gindin wata bishiya ya yi la'asar. Da ya koma ya danna maɓalli, Ɓauna ta yi shiru. Ashe tun a hanya koyil, abin da ke mayar wa batir wuta, ya ƙone, ita kuma tana ta cin wanda ke ciki, ba abin da ya nuna masa. Ya gwada turawa shi kaɗai. Ta kwanta a gefe, ya kasa ɗaga ta. Sai da wasu manoma suka zo suka tashe ta, suka ɗora ta a motar masara. Haka ya shigo Tudun Wada, yana zaune a kan buhuna, Ɓauna a ɗaure kusa da shi, mutanen majalisa suna kallo.

"Malam Uwais, barka da hanya! Tsakanin kai da ita, wa ya goyo wani?"

Ya sauko, ya karkaɗe rigarsa.

Washegari na shiga zaurensa yi masa jaje, sai ga autarsa Firdausi. Nas ce, tana aure a Hanwa, kuma ita kaɗai ce a 'ya'yansa ke iya kallon idonsa ta yi magana. Da kayan aikinta ta zo. Ta durƙusa ta gaishe mu, sannan ta ce:

"Baba, ina makullin?"

"Wane makulli, Likita? Gidan nan makullai sun yi yawa."

"Na Ɓauna."

"Koyil ne ya ƙone. Za a sa sabo, shi ke nan."

"Koyil ne ya kasa ɗaga ta da ta faɗi?"

Wannan maganar mutum ɗaya ya gaya wa. Ya juya ya dubi ƙofar cikin gida. "Ashe gidan rediyo aka buɗe mini ban sani ba."

Maiɗakinsa Zinatu ta amsa daga bayan labule: "Rediyon dai bai yi ƙarya ba, Malam."

Suka daɗe suna ja. Firdausi ta kawo hawan jini, ta kawo halin hanya, ta kawo shekaru. Shi kuma ya tsaya a kan cewa laifin na'ura ne, na'ura kuwa ana gyara ta. A ƙarshe shi da bakinsa ya yanke:

"To, ji nan. Ranar da na danna maɓallin nan ta ƙi tashi, a gida ne ko a hanya, makulli naki ne. Kafin nan ki bar ni."

Ta juyo wajena. "Baba Labaran, ka ji ko?"

Na ce na ji.

Aka sa sabon koyil, aka sa sabon batir. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Abin da ya dame shi, in ji shi, ba mutuwar batir ba ce, a'a, yadda ya mutu a ɓoye. Yana son abin da zai riƙa nuna masa ƙarfin wutar a gabansa, yana tafiya yana gani. Cikin watan Sha'aban ya ce in raka shi Sabon Gari mu nemo mitar batir.

Shagon wani Nagoda muka je, mai sayar da kayan wutar mota, mutum mai surutu da fara'a. Ya baje mana iri-iri a kan tebur. Akwai ƙarama mai jan lambobi. Akwai mai shuɗin lambobi da ramin cajin waya a jikinta. Akwai wadda ake cusawa a ramin wutar mota.

"Baba, ga ta zamani. Kana tafiya, kana caji, kana ganin wuta. Duk 'yan manyan babura ita suke sawa."

"Ni waya a aljihu take kwana. Kana da batir mai kyau a nan?"

Nagoda ya jawo batir daga ƙarƙashin tebur. Malam Uwais ya sa ya haɗa mitocin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta ce sha biyu da rabi. Ta biyu ta ce sha uku. Ta uku ta riƙa tsalle tsakanin lamba biyu, ta kasa zama.

"Batir ɗaya, baki uku. Wacce ce maƙaryaciyar?"

"Baba, wallahi jirgi ɗaya ya kawo su."

"Shi ya sa."

Ya ce a fito da su rana. Nagoda ya ciccibo batir har bakin shago yana ƙorafin bayansa. A cikin hasken rana jan lambobin nan suka dushe, sai an kare su da tafin hannu ake ganinsu. Malam Uwais ya ce mai tuƙa Ɓauna ba shi da hannun da zai ba mita aron inuwa.

"Ba ka da mai allura?"

Nagoda ya yi dariya. "Ta kakanni? Akwai wata, tun mahaifina yana shagon nan."

Ya hau kujera ya lalubo wani kwali. Mita ce zagayayya mai farar fuska da baƙar allura, lambobinta manya, an shafa kore daga sha biyu zuwa sha huɗu da ɗoriya, ja a ƙasa da sama. Malam Uwais ya karɓe ta yadda yake karɓar agogon mutane. Ya duba robar da ke zagaye da gilashin, ko ruwan sama zai shiga. Ya ƙwanƙwasa ta da farce ya ga yadda allurar ke komawa mazauninta. Ya girgiza ta a kunnensa. Da aka haɗa ta, allurar ta tashi a hankali ta tsaya a kan sha biyu da rabi, ba ta ƙara motsi ba. Ya miƙa hannu ya nesanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya sake nesanta ta. Ya yi haka ya fi sau ɗaya. Sannan ya ce ita yake so.

Waya uku ne a bayanta: ja, baƙa, da ruwan ɗorawa. Nagoda yana naɗe ta a takarda yana bayani. Baƙa ta jikin ƙarfe ce. Ruwan ɗorawa ta ɗan ƙwan fitilar da ke ciki ce, a haɗa ta da wayar fitilar babur. Ja kuma masu sawa a bayan makulli suke ɗauko mata wuta.

"Wato in an kashe babur ita ma ta mutu?"

"Haka ne, Baba."

"To agogon da ke tsayawa duk sanda mai shi ya fita daga ɗaki, me ake ce masa?"

"Baba, ni sayarwa nake yi. Fatawa sai ku na Tudun Wada."

Ranar Asabar da hantsi ya yi aikin, a zaurensa, ƙofa a buɗe don haske. Ya kira ni in riƙe masa abin da ke bukatar riƙo. Sai da ya hau Ɓauna ya zauna kamar mai tafiya, ya sa ni ina ɗora mitar nan da can. A kan tanki, ya ce sai ya sunkuyar da kai, wanda ke gudu kuwa ba ya sunkuyawa. A gefen madubi, ya ce ruwa da rana za su cinye ta. Aka tsaya a tsakiyar kan babur, bayan gilashin iska, dab da agogon gudu, inda ido zai sauka ya koma titi ba tare da wuya ya motsa ba.

Mazauninta da kansa ya yi. Bayan wani tsohon agogon tebur ya yanka, na tagulla, ya lanƙwasa, ya huda, ya goge bakinsa. Ya yanko tsohuwar robar taya ya shimfiɗa a ƙarƙashi, don kada girgizar hanya ta kashe allurar. Ya bi da wayoyin ta ƙarƙashin tanki, a jikin ƙarfe, nesa da zafin injin, yana ɗaurewa taƙi-taƙi. Ya juya kan babur har ƙarshen hagu, har ƙarshen dama, ya ga waya ba ta ja, ba ta maƙale. Ya sa fis mai yanke wuta kusa da batir. Kowane haɗi da dalma ya liƙe shi, bai yarda da murɗawa kawai ba.

Wajen ɗaure ƙananan ƙusoshin mazaunin ne aikin ya ɗan ja. Ɗaya ta suɓuce ta faɗi, muka nemo. Ta sake faɗuwa. Na ga bakin sukundireban yana rawa kafin ya sami ramin. Ya ce ƙusoshin yanzu ba su da kai. Na ce haka ne.

Saura wayoyin wuta. Malam Uwais bai taɓa yanka wayar da kamfani ya sa wa Ɓauna ba, kuma bai ga dalilin farawa ranar ba. Ga kuma maganarsa ta agogo. Sai ya kai ja kai tsaye kan batir. Ruwan ɗorawa ta rage tana lilo a hannunsa. Ya dube ta, ya dubi wayar fitila da ba ya son taɓawa, sai ya haɗa ta da ja ya liƙe su tare. Nan take fuskar mitar ta yi ɗan haske, allura ta tashi ta shiga kore, makulli kuwa yana aljihunsa.

"Ka gani? Ko tana barci ana jin numfashinta."

Ya tayar da injin. Allura ta ɗan faɗa, ta miƙe ta haura wajen sha huɗu ta tsaya. Na daɗe ban ga fuskarsa haka ba. Ya sa hular kwano ya ce bari ya zaga Kwangila, ya biya ta Hanwa ya nuna wa Likita.

Ina zaune a dakalina ya dawo. Ya tsaya a ƙofar gida ya sauke ƙafar hagu. Ɓauna ta karkata. Ba ta faɗi ba, amma ta daɗe a karkace, shi kuma yana riƙe da ita, jijiyoyin wuyansa a waje, kafin ya dawo da ita daidai. Ya zauna a kanta bai sauka ba. Sannan ya ɗago ya dube ni, ni kuma ina neman tasha a rediyona.

"Yashi ne," in ji shi.

Ƙofar gidansa siminti ce, kuma kullum da safe ake share ta.

Azumi ya kama cikin zafi. Kowace safiya, kafin ya tafi wana agogonsa, sai ya fito da Ɓauna ya kai ta gadar Kubanni ya dawo. Yakan ce allura ta ɗan sauka kafin gari ya waye, amma da an zaga sai ta koma, zafin bana ne. Da goman ƙarshe suka zo ya shiga i'itikafi a masallacin Juma'a, kamar yadda yake yi tun rasuwar mahaifinsa. Ya goge Ɓauna, ya rufe ta da tsohon zanen gado. A gidan nan ba mai taɓa ta.

Ni nake kai masa abin buɗe baki. Wajen tsakiyar kwanakin na shiga zaure karɓar kwano. Zauren nan ko da rana duhu-duhu ne. A ƙarƙashin zanen na hango ɗan haske, bai kai wanda na sani ba. Na ɗaga gefen zanen. Allura ta bar kore, ta shiga ja.

Na same shi bayan la'asar a kusurwar da yake zama, Alƙur'ani a buɗe a gabansa. Na ajiye kwano, muka gaisa, na gaya masa abin da na gani. Ya sa yatsa a inda ya tsaya. Ya karkata kai gefe, irin yadda yake yi in ya kara agogo a kunne.

"Fitilar ce," ya ce. "Ita da allurar. Dare da rana suna sha, ba mai mayarwa. Agogo wana shi ake yi. Na manta ita ba mai wana ta in ba na nan."

"Fis ɗaya ne. In ka ce in zare, in zare. Ko in kai batir caji, kafin salla ya cika."

Ya dubi hannayensa a kan gwiwa, ya juya su, ya sake juyawa. A can gefe wani yana tilawa a hankali.

"Mai i'itikafi ba ya aike a kan harkar duniya, Labaran."

Jiya-jiya ya aike ni in gaya wa Zinatu kunun ya cika tsami. Ban tuna masa ba.

"Kada ka taɓa ta," ya ce.

Na ce to. Ya koma karatunsa.

Da aka ga wata ya dawo gida. Ya wuce ta gefen Ɓauna ya shiga ciki. Ranar salla ya wuce ta gefenta ya tafi idi, ya dawo, ya karɓi masu gaisuwa a zauren nan, zanen yana nan yadda ya bar shi.

Washegari da sassafe aka yi shirin da aka saba. Zinatu ta ɗaure alkaki da dubulan na Rut. Shi ya sa 'yar kwalbar man agogo da kayan aikinsa a akwatin dama. Firdausi ta zo da motarta, ta auna jininsa, ta ce ba laifi, ta jera masa magunguna. Maƙwabta suka taru a ƙofa kamar kowace shekara, don tashin Ɓauna abin kallo ne. Ya sa rigar tafiya, ya sa hular kwano, ya yaye zanen.

Fuskar mitar ba haske. Allura tana kwance a ƙarshen hagu.

Ya hau, ya murɗa makulli, ya yi bisimilla, ya danna. Wani ɗan ƙas ya fito daga ƙarƙashin kujera. Ya sake dannawa. Wannan karon ko ƙas ɗin babu.

Nan da nan ƙofa ta cika da shawara.

"A tura ta mana! Mu nawa ne a nan?"

"Wane turi? A ciro na motar Firdausi a ba ta wuta."

"Malam, ai Ɓaunar ma azumi ta yi, ba a ba ta sahur ba."

Firdausi ba ta yi dariya ba. Ta matso ta sunkuya, ta bi wayar nan da ido daga mita har kan batir. 'Yar mai agogo ce, a rumfar nan ta yi wayo. Ta miƙe a hankali.

"Baba, wannan ba lalacewa ba ce. Mitar ce ta shanye batir. A ba ta wuta, kafin hantsi ka kama hanya." Muryarta ta yi ƙasa. "Ba irin wannan nake nufi ba."

"Me muka ce?"

"Baba..."

"Labaran, kai ne shaida. Me na ce?"

Na ce, "Ka ce ranar da ka danna ta ƙi tashi, a gida ko a hanya."

"Na danna?"

"Ka danna."

"Ta tashi?"

Ya zare makullin, ya sauko, ya cire hular kwano ya rataye a madubi. Ya miƙa wa Firdausi. Ta ɓoye hannayenta a cikin mayafi. Ya tsaya da hannu a miƙe har ta gaji ta karɓa da hannu biyu.

"Ba ni na kasa ba," ya ce wa mutanen ƙofa. "Kun dai gani. Batir ne."

Kowa ya ce ya gani.

Ya buɗe akwatin dama ya ciro kwalbar man da kayan aiki. "Likita, motar nan taki tana iya hawa dutse, ko ta asibiti da kasuwa ce kawai?"

Ta ce tana iyawa. Ta kira mijinta a waya, aka mayar da alkaki bayan mota. Zinatu ta leƙo ta ce tunda mota ce ita ma za ta, rabonta da Rut tun bikin Firdausi. Ya ce ashe dama jira ake yi. Ta ce an daɗe.

Sauran a bakin Firdausi na ji. Ta ce sun tarar da Kefas a baranda, an fito da shi a kujera tun azahar, yana kasa kunne ga ƙarar injin. Da ya ga abokinsa ya fito daga mota, ya dube shi sama da ƙasa.

"Mai Agogo, ina Ɓauna?"

"Ta yi ritaya, Ticha."

"Kai fa?"

"Ni na zo aiki. Ina agogon?"

Kefas ya yi dariya da rabin bakinsa mai motsi har ya ƙware. Firdausi ce ta hau kujera ta sauko da agogon daga bango.

Ɓauna tana nan a zaure. Yakan goge ta ranar Juma'a. Wani daga Tudun Jukun ya zo tambayar ko ta sayarwa ce, Malam Uwais ya ce a tambayi mai makulli, mai makulli ta ce a tambayi Baba, mutumin ya gaji ya daina zuwa.

Mitar kuwa ya kwance ta da mazauninta na tagulla. Tana rumfa yanzu, a bango, tsakanin agogon wani masallaci da na wata makaranta, a haɗe da batirin hasken rana da ke ba shi fitilar aiki. Ba ya kashe ta. Rannan ina zaune a benci na leƙa bayanta. Waya biyu ne a haɗe, ja da baƙa. Ruwan ɗorawar, ta fitila, ya naɗe ta gefe, ya rufe bakinta da baƙin salatif.